Takardun Adda

Ranar da Ismail ya gama buga takardar, sai da ya tsaya a tsakar gida ya karanta wa kowa ita, yana ɗaga murya kamar mai sanarwar ɗaurin aure. Yana da ɗan shagon buga takardu kusa da tashar mota a Birnin Kudu, kuma in dai wajen shirya ƙarya ta zauna daram a kan farar takarda ne, ban san wanda ya kama ƙafarsa a layin nan ba. Takardar neman aiki ce, irin wadda ake jera karatun mutum da wuraren da ya yi aiki, wadda 'yan boko ke kira si-bi. A samanta sunan yayarsu ne, Ummussalma Iliyasu, wadda suke kira Adda, wadda aka binne tun kafin azumin bara. A kusurwa kuma hoton ƙanwarsu Batulu ne, cikin farin hijabi.

Batulu tana gindin murhu tana tsintar shinkafa. Da ya zo inda ya rubuta cewa mai takardar ta yi aiki a ɗakin haihuwa da ɗakin hatsari na wani asibiti a Kano, sai ta ajiye faifan.

"Yaya, ni fa ko ƙofar ɗakin hatsari ban taɓa leƙawa ba."

"Ba ke na rubuta ba. Adda na rubuta."

"Ai ita ma ba ta yi ba. Tana gama makaranta ciwo ya kwantar da ita."

"Da ta rayu da ta yi," in ji Ismail, ya ci gaba da karatunsa.

Abin da Batulu ta sani a harkar magani bai taka kara ya karya ba. Ta gama sakandare, ta zauna 'yan watanni a kemis ɗin wani maƙwabcinsu tana miƙa wa mutane ƙwayoyi, a nan ta koyi yin allura da sa ƙarin ruwa. Ummussalma ce ta yi makarantar koyon aikin lafiya har ta gama, takardar shaidarta ma sai bayan rasuwarta aka karɓo, Inna, mahaifiyarsu, ta sa a ƙasan akwati. Takardar tana nan kwance har ranar da Ismail ya ji cewa ƙungiyar 'yan asalin wani ƙauye mai suna Rafin Kargo, can bayan Dingaya a ƙasar Gwaram, sun gina ɗan asibiti suna neman ma'aikaciyar lafiya mace.

Bappa, ƙanin mahaifinsu, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar Malam Iliyasu, yana zaune a kan tabarma yana jan carbi. Batulu ta juya wajensa, tana zaton shi zai tsawatar.

"Bappa, in wani ya mutu a hannuna fa?"

"Rai a hannunki yake? Ji mini yarinya da saɓo." Ya nuna takardar da carbinsa. "Gonar ubanku aka sayar aka yi karatun nan. Saboda haka takardar nan gado ce, kuma ni ban taɓa jin inda aka binne mamaci da gadonsa ba. Ku ne magada, ku za ku mora."

Saura Inna. Ummussalma 'yar farinta ce, kuma Inna irin matan nan ne masu tsananin kara. Tun daga ranar suna har ranar da aka fita da gawar, ba wanda ya taɓa jin sunan a bakinta. In ta kama dole sai ta ce "mai sunan Goggo." Ko a zaman makoki, da mata ke ta ambaton marigayiyar, Inna "ita wannan baiwar Allah" take cewa. Don haka Batulu ta sa rai ko ba komai kunyar sunan za ta hana.

Ismail ya ce, "Inna, kira ta mu ji. Dole ta saba amsawa kafin ranar ganawa."

Inna ta ɗan yi jim, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, sannan ta dubi Batulu.

"Ummussalma."

Batulu ba ta amsa ba sai a kira na biyu, shi ma a ciki-ciki.

Ganawar ba ta zo da wuya ba, kuma wannan ne abin takaicin. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Sada, ɗan kasuwar hatsi ne, bai san bambancin allurar zazzaɓi da ta rigakafi ba. Ya duba hatimin da ke jikin takardar shaidar, ya duba hoton, ya ga yarinya mai nutsuwa da dogon hijabi, ya ce alhamdu lillahi. Albashi kuma aka ce a riƙa zuba shi a asusun bankin marigayiyar, wanda ba a rufe ba, katinsa yana aljihun Ismail.

Asibitin ɗaki biyu ne da rumfa, a bakin gari, bayan makarantar firamare. A ɗaya ake ganin marasa lafiya, a ɗayan ake ajiye magani, a nan kuma aka sa mata katifa. Alhaji Sada da kansa ya sa kwafin takardar shaidar a gilashi ya rataya a bango, daidai inda duk wanda ya shigo zai fara gani. Yawancin masu shigowar ba su iya karanta ta ba, amma suna tsayawa su dube ta da girmamawa kafin su zauna.

Daga ranar Batulu ta zama Sista Ummussalma. Da safe yara 'yan makaranta su gaishe ta da sunan, tsofaffi su sa mata albarka da sunan. Ita kuma duk sanda aka kira sai fuskar Adda ta faɗo mata, yadda ta rame a kwanakinta na ƙarshe, sannan ta tuna ita ake nufi ta ce na'am. In asibiti ya watse bayan azahar, sai ta zauna a rumfa ita kaɗai tana kallon awaki suna wucewa. Ba ta shiga gidajen mutane, ba ta zuwa biki, don tsoron kada hira ta yi tsawo a tambaye ta wace shekara ta gama, ko a ce wance ma a can ta yi karatu. Mutanen gari suka ce Sista akwai kamun kai. Kewa ce take cin ta, ba wanda ya sani.

Aikin kuwa ta samo masa dabara ɗaya: abin da ta sani ta yi, wanda ba ta sani ba ta ce a wuce babban asibiti a Gwaram. Zazzaɓi, gudawa, ciwon kai, waɗannan ta ba da abin da ta ga ana bayarwa a kemis. Amma duk sanda ta ji ƙarar babur ya tsaya a ƙofa da gudu, sai ta hau addu'ar Allah ya sa mai zazzaɓi ne.

Mutum ɗaya ce ta ƙi barin ta da kamun kanta, wato Barira, matar wani mai kiwo da fataucin shanu da ake kira Haladu. Ta fara zuwa awon ciki ne, ta lura Sista ba ta da mai dafa mata, shi ke nan ta ɗora wa kanta kawo fura da nono kullum da yamma. Barira irin mutanen nan ne da ba sa jiran a ba su wuri. Za ta zauna a kan bencin marasa lafiya ta miƙe ƙafa, ta kwashe labarin gari kaf ta zube.

"Sista, ke ko dariya ba a koya muku a makarantar likitan? Sai kin biya kuɗi?"

Batulu ta yi dariya, ta farko tun zuwanta.

Wani lokaci Haladu kan biyo ya ɗauki matarsa a babur. Dogo ne, mai yawan zolaya, ba ya shigowa, daga bakin rumfa yake tsayawa.

"Sista, ki kula mini da ita. Na riga na gaya wa yayana, in mace aka samu sunanki za ta ci. Ummussalma. Ta yi karatu ita ma ta zo ta karɓe ki."

Ranar Batulu ba ta iya shan furar ba. Da suka tafi ta kira gida.

"Inna, don Allah ku bar ni in dawo. Mutanen nan sun yarda da ni, ni kuma ban san komai ba."

"To ba ga shi kina yi ba? Wa ya kawo ƙara?"

"Inna, sunana ma na fara mantawa."

"Sunan 'yar'uwarki ne, ba na bare ba. Yayanki ya ce duk albarkar da aka sa miki da sunan, ita take isar wa a kabari. Ke ba kya so ta samu?"

Haka suke. Kowace magana Batulu ta kawo, akwai amsarta a ajiye, kuma kowace amsa sai an shafa mata ɗan addini a kai don ta wuce a maƙogwaro.

Bayan girbi aka fara jin abin da ba a saba ji ba a yankin. An kore garken wani a dajin da ke tsakanin su da Zandam. An tare masu dawowa daga kasuwa an ƙwace babura. Sannan wata rana da hantsi aka ji ƙarar bindiga daga nesa, tas tas, har ɗaliban firamare suka watse. Maza suka yi taro a ƙofar masallaci, aka kafa 'yan sintiri, matasa suka fiddo bindigogin toka da kakanninsu suka bari. Mata suka daina zuwa itace su kaɗai. Alhaji Sada ya aiko da kwali biyu na bandeji da ledojin ƙarin ruwa, ya kuma sa aka yi sanarwa bayan sallar Juma'a cewa kowa ya kwantar da hankalinsa, in wani abu ya faru ba sai an yi nisa ba, Allah ya ba su ƙwararriya a gida, wadda ta yi aiki a ɗakin hatsari a Kano.

Barira ce ta kawo mata labarin sanarwar, tana murna. A ƙarshen makon Batulu ta hau mota ta tafi Birnin Kudu, ta sami Ismail a shagonsa yana buga wa wani takardar haihuwa. Ta jira mutumin ya fita.

"Yaya, harbi ake yi. An gaya wa gari duka cewa na iya ɗinkin wanda aka harba. Wallahi ko yankan wuƙa ban taɓa ɗinkewa ba."

"Ke matsalarki tsoro. Waya ba ta hannunki? Komai akwai bidiyonsa yanzu. Su waɗanda suka yi makarantar kina zaton sun fi ki ne? Ni nake buga musu aikin jarrabawa, na san abin da ke kansu."

"To ka bar ni in gaya wa Alhaji Sada gaskiya."

Sai a lokacin ya ɗago daga kwamfutar.

"Ki gaya masa me? Cewa Inna ta ba da takardar 'yarta an yi zamba? Ki je. In 'yan sanda suka zo, ita za su fara ɗauka, da hawan jininta. Sannan kuɗin maganinta da abincin gidan nan, sai ki nuna mini inda za su fito."

Bai faɗi cewa daga asusun nan aka yi wa shagonsa sabon inji ba, aka kuma sauya wa matarsa Hawwa kujeru. Batulu ta ga injin, ta ga kujerun, ta kwana ɗaya ta koma. A mota ta buɗe bidiyon da ya ce, Turancin mai maganar ya fi ƙarfinta, jinin da ta gani kuma ya sa ta kashe wayar.

Ranar kasuwar shanu abin ya faru, bayan la'asar kaɗan. Tana share rumfa ta ji harbin, wannan karon kusa, daga wajen gadar da ke hanyar shigowa gari. Kafin ta gama rufe taga sai ga a-kori-kura ta taho da gudu, mutane a baya suna ihu. Motar ta riga ta ɗauki hanyar Gwaram, har ta gota mararrabar asibitin, sai wani daga baya ya buga rufin.

"Tsaya! Ina za ka? Ga Sista a gida!"

Direban ya ci birki ya yi baya. Suka sauko da mutum a cikin bargo, suka shimfiɗe shi a kan gadon duba marasa lafiya. Haladu ne. Harsashin ya same shi a cinya, jini yana tsartuwa yana tsayawa, yana tsartuwa yana tsayawa. Idonsa biyu, har ya gane ta.

"Sista," ya ce, yana ƙoƙarin murmushi, "yau ni na zo awo."

"Ku wuce da shi," in ji Batulu. Muryarta ba ta fita sosai ba. "Ku wuce Gwaram."

"Haba Sista, ki fara tsayar da jinin mana!" in ji yayan Haladu, ya nuna bango. "Ba aikinki ba ne?"

Ta shige ɗakin magani kamar za ta ɗauko wani abu, ta kira Ismail.

"Yaya, an kawo wanda aka harba. Zan ce su tafi."

"Kina hauka? Ki kore su a gaban gari, gobe a ce wace irin sista ce wannan? Sa masa ruwa. Kowa ya ga leda a rataye hankalinsa zai kwanta. In ya ɗan farfaɗo sai su wuce."

Ba zan ce Batulu ba ta da laifi a nan ba. Tana da baki, tana iya fitowa ta yi ihu ta ce ban iya ba. Amma yarinyar da aka yi wata da watanni ana koya mata cewa gaskiyarta ita ce za ta kashe uwarta, ba a minti ɗaya take warwarewa ba. Ta fito da auduga da bandeji da ledar ruwa.

Ta danna auduga a kan ciwon, ta jiƙe. Ta ƙara wata, ta jiƙe. Ta naɗe da bandeji, ta koma hannunsa tana neman jijiya. Jijiyar da take samu ido rufe a hannun masu zazzaɓi, yau ta ɓace. Ta soka, ba ta samu ba, ta sauya hannu, ta koma bayan tafin hannu. Mutane sun cika taga suna kallo, wani yana cewa a ba Sista wuri, ta san abin da take yi. Barira tana bakin ƙofa, mata biyu sun riƙe ta, ba ta kuka, idonta yana kan hannun Batulu. Direban ya kashe mota ya zauna yana jira. Rana ta yi ta sauka.

Sanda ta samu jijiyar, ruwan ya fara ɗiga, har wani ya yi kabbara. Haladu ya daina magana tuntuni. Leɓɓansa sun yi fari, jini ya bi ƙafar gadon ya taru a siminti.

"Ku tafi da shi," ta ce, wannan karon da ƙarfi, tana kuka. "Don girman Allah ku tafi da shi!"

Ta shiga bayan motar tana riƙe da ledar a sama. Kafin su ga fitilun Gwaram, Haladu ya cika. Ba wanda ya faɗa, suka dai ci gaba da tafiya har ƙofar babban asibiti. Wata ma'aikaciyar jinya, babbar mace, ta ɗaga bargon ta duba, ta mayar. Ta ja Batulu gefe, ganin farar rigarta, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda ba wanda zai ji.

"Ke kika fara karɓar sa? Me ya hana ki ɗaure saman cinyar tamau ki turo shi nan take? Ko ɗankwali ai ya isa."

Batulu ta taɓa ɗankwalin da ke ƙarƙashin hijabinta.

Abin da ya biyo baya ya fi mata zafi a kan zagi. Ba wanda ya zarge ta. A wajen zaman makoki ana ta ba da labarin yadda Sista ta yi ta fama har ta samu jijiya, yadda ta riƙe leda tun daga gari har Gwaram. Mutane suna tsine wa 'yan bindiga, suna sa mata albarka a numfashi ɗaya. Alhaji Sada ya aiko mata da buhun shinkafa. Da ta kira gida, Bappa ne ya karɓi wayar.

"Kwanansa ne ya ƙare. Ko a gaban manyan likitocin Kano ne sai ya tafi. Ke kika harbe shi?"

Ismail kuwa cewa ya yi, "Kin gani ko? Har shinkafa. Da kin kore su da yanzu wani zancen ake."

Ta daina cin abinci sosai. Ta wanke simintin da omo, ta sake wankewa, amma tabon bai fita daga tsagar da ke ƙasan gadon ba. Barira tana takaba ba ta fita, don haka da yamma ba mai zuwa. Duk da haka kwanon fura bai fasa isowa ba, ana aiko mata da shi.

Ba a daɗe ba Barira ta haihu a gida, mace. Ana gobe suna aka aiko wai tana son ganin Sista. Batulu ta tsaya a gaban takardar da ke bango, ta daɗe, sannan ta sauke ta, ta sa cikin hijabi ta tafi.

Ta sami Barira a ɗaki ita kaɗai, jaririyar tana cinyarta. Ta rame, amma ta yi murmushi.

"Ga takwararki. Yayansa ya ce wasiyya ce, gobe za a raɗa mata. Karɓe ta mana."

Batulu ba ta miƙa hannu ba. Ta durƙusa a bakin gado, ta fito da gilashin ta ajiye a ƙasa.

"Barira, ni ba Ummussalma ba ce. Yayata ce, ta rasu. Takardarta ce wannan. Sunana Batulu. Ban yi makarantar lafiya ba, ban taɓa aiki a Kano ba. Ranar da aka kawo shi ban san abin da ake yi ba."

Barira ta dube ta, ta dubi gilashin. Jaririyar ta motsa, ta gyara mata zani.

"Motar ta riga ta wuce," ta ce a hankali. "Ina tsaye, na gani. Ta wuce, aka dawo da ita."

"Haka ne."

"Da sun tafi, da ya rayu?"

"Ban sani ba. Wata a can ta ce da an ɗaure ƙafar..." Ta kasa ƙarasawa.

Barira ba ta yi ihu ba, ba ta zage ta ba. Ta jawo jaririyar ta rungume a ƙirji, ta juya fuskarta bango.

"Kullum ina kawo miki fura. Kullum. Ko sau ɗaya ba ki ce mini ba."

Washegari aka raɗa wa yarinyar sunan kakarta.

Da maganar ta kai kunnen Alhaji Sada, sai ya kira Ismail, Ismail ya zo har Rafin Kargo da Bappa. A gaban Batulu, Ismail ya dafa ƙirji ya ce su ma yanzu suke ji, yarinyar ce ta buɗe akwatin Inna ta ɗauki takardun, su kuwa ce musu ta yi wai aikin kemis ta samu. Bappa ya girgiza kai ya ce yaran zamani sai addu'a. Alhaji Sada bai tambayi wanda ya buga si-bin ba, bai tambayi wanda ke cire albashin ba. Shi ne ya sa aka yi sanarwa a masallaci, kuma ba ya so a tuna. Aka taru a kan cewa a rufa wa juna asiri, a ce wa gari an yi wa Sista canjin wurin aiki. Da Ismail zai fita, ya ɗauki gilashin da Batulu ta dawo da shi ya sa a jakarsa.

Haka Batulu ta dawo Birnin Kudu. Ta yi sallama a tsakar gida, Inna tana tankaɗe, ta amsa ba ta ɗago ba. Tun daga ranar, in za a ba ta abinci sai Inna ta ce wa Hawwa, "Miƙa wa waccan." In ana neman ta, "Ina waccan ta shiga?" Ba kara ba ce wannan, fushi ne, wai ta tona wa gida asiri ta kuma toshe musu abinci. Bappa ba ya amsa gaisuwarta. Ismail in ya shigo sai ya bi ta gefenta kamar turmi ne a ajiye. Ta bar garin da ake kiran ta da sunan wata, ta dawo gidan da aka haife ta, nata sunan ba mai furtawa.

'Yan bindigar da suka harbi Haladu, kowa a ƙasar Gwaram ya tsine musu, kuma sun cancanta. Waɗanda suka dawo da motar nan baya kuwa suna zaune a gidansu a Birnin Kudu, ana gaishe su a masallaci, ba a taɓa ambaton su a zancen ba.

Bayan ƙaramar salla Ismail ya ji wani mai kemis a Yalwan Damai yana faɗaɗa shagonsa, yana neman mace mai takarda da za ta riƙa duba mata. Ya dawo gida da yamma da sabuwar si-bi, ya tsaya a tsakar gida yana karantawa. Bai sauya komai ba sai hoton, ya kuma ƙara layi ɗaya, cewa mai takardar ta yi aiki a Rafin Kargo, ta ƙware a kula da waɗanda aka harba.

Batulu tana ɗaki, ta fito bakin ƙofa.

"Yaya, mutum fa ya mutu."

Ba wanda ya juyo. Hawwa tana tsaye cikin sabon farin hijabi, tana dariyar kunya.

"Inna, kira ta mu ji," in ji Ismail.

Wannan karon Inna ba ta yi jim ba, ba ta gyara ɗankwali ba. Bakinta ya riga ya saba.

"Ummussalma."

Batulu ta ji na'am ta taso mata har maƙogwaro, ta danne ta da ƙyar. Hawwa ce ta amsa, tun a kiran farko.